Ragar gawayin da na saya ta lotsa a gashi na uku: in koma wa mai shago ko in nufi mai walda?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Ina da murhun gashi irin mai murfin nan, zagayayye kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, mai ƙafa uku da taya biyu. A gwanjo na saye shi shekara shida da suka wuce, babban ne, mai santimita 57. Jikinsa har yau lafiya lau, tangaran ɗin ko ɓantarewa bai yi ba. Kayan ciki ne suka gaji: ragar da gawayi ke zama a kai ta cinye ta tsakiya, ragar nama ta yi tsatsa, fuka-fukan nan uku na ƙasa masu share toka su ma sun daskare.

Ana saura wata guda Babbar Sallah na ga wani mai shago yana tallar kayan a intanet, da hotuna masu kyau. Na tura kuɗin duka ukun aka aiko mini. Ranar Sallah, wato gashi na uku ke nan da sababbin kayan, na ɗora cinyar rago na rufe. Da na buɗe bayan kamar rabin awa sai na tarar wuta ta kusa mutuwa. Ragar gawayin ta lotsa kamar buhun da aka rataye, garwashi ya zube ƙasa ya toshe ƙofofin iska. Ragar naman kuwa wani farin abu mai ƙyalli ke ɓarewa daga jikinta yana manne wa nama, sai da na yanke gefen da ya taɓa na zubar, ga baƙi a zaune suna jira. Fuka-fukan ko ɗaurawa ban iya ba, hudarsu ba ta dace da sandar da ke juya su ba, da na matsa sai ɗaya ya lanƙwashe a hannuna. Na kira mai shagon ya ce kaya in sun fita ba a dawo da su. Yaya zan yi?

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ɗauko tef ka auna faɗin ragar gawayin, sannan ka gaya mana kaurin wayar. In ba ka da abin awon kauri, jera ta da ƙusa mai inci huɗu ka ga wacce ta fi.

Baban Yara: Faɗinta santimita 44 da rabi. Wayar ba ta kai ƙusar kauri ba. Kuma tun farko na lura ba ta zauna daidai a kan maƙalanta ba, ta ɗan ɗage sama, amma na ɗauka haka sababbi suke.

Mazaunin Shikago: To Alhaji, ga inda gizo ke saƙar. Irin wannan murhu girma biyu aka fi sani, mai 57 da mai 47. Mai 57 ragar namansa kusan santimita 54 da rabi ce, ta gawayi kuma 43. Mai 47 ragar namansa 44 da rabi, ta gawayi kusan 34. Ka ga ke nan abin da aka sayar maka a matsayin ragar gawayi ragar naman ƙaramin murhun ce. Ba a yi ta don garwashi ya kwanta a kanta ba, shi ya sa ta ƙi zama kuma ta lotsa. Ko mai shagon bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru.

A nan yankin aka ƙirƙiro wannan samfurin. Wani George Stephen ne a 1952, yana aiki a kamfanin ƙarfe na Weber Brothers inda suke ƙera ƙwallayen ƙarfen da ake sa wa a ruwa don nuna wa jiragen ruwa hanya. Ya raba ɗaya biyu, ya sa ƙafafu, ya huda wa iska hanya. Duk dabarar abin a iska take: ta shiga ta ƙasa, ta ratsa gawayi, ta fita ta murfi. Da zarar raga ta sauka ta zauna a kan ƙofofin ƙasa, murhun ya tashi daga aiki. Ni shawarata ka daure ka sayi na asali sau ɗaya ka huta.

Ɗan Panteka: Yallaɓai, ku a can kuna shiga kanti ku ɗauko. Mu a nan sai a haɗa da kuɗin jirgi, ga ƙarfe da nauyi, ga canjin dala. Kuma wa zai tabbatar masa na asalin ne? Wanda ya cuce shi ma ai hoton na asali ya sa. Ragar gawayi ba ta da wani sirri. Alhaji, sayi sandar rodi ɗaya mai milimita 8, tsawonta mita 12, za ta isa har ta yi saura. Ka ɗauki murhun kansa ka kai wa mai walda, kada ka kai masa awo a takarda. Ya lanƙwasa zobe, ya jera sanduna, ya gitta biyu ta ƙasa su tallafe su. Ka ce ya bar tazarar da ɗan ƙaramin yatsa zai shiga da ƙyar, don gawayinmu na itace ne, yana farfashewa, ba irin dunƙulallen na Turawa ba ne mai girma ɗaya. In tazara ta yi faɗi rabin gawayinka a cikin toka zai ƙare. A kasuwar Panteka ta Kaduna aikin awa biyu ne, a Kano ma ka je Ƙofar Ruwa ka sayi rodin, masu walda na nan kusa.

Injiniya: Na goyi bayan Oga Ɗan Panteka a kan ragar gawayi, kuma ga dalili a lissafe. Ƙarfe in ya kai zafin digiri 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, garwashin da iska ke hurawa kuwa yana wuce haka. Saboda haka kowace raga tana laushi a cikin wuta, kauri ne kawai ke riƙe ta. Kuma taurin sanda ba ya tafiya daidai da kaurinta. In ka ninka kaurin sau biyu, nauyinta ya ninka sau 4, amma taurinta wajen ƙin lanƙwashewa ya ninka sau 16. Waya mai milimita 3 da mai milimita 6 a ido kamar ba nisa, a wuta kuwa sama da ƙasa ne. Shi ya sa masu yin na arha a kauri suke cin riba, don hoto ba ya nuna kauri.

Duk wanda zai saya a intanet ya tambayi abu biyu kafin ya biya: kaurin waya a milimita, da nauyin ragar a sikeli. Magina sun san lissafin: rodi mai milimita 6 mita ɗaya gram 222 ne, mai 8 kuma gram 395. Ragar da Oga ya kwatanta za ta doshi kilo huɗu. Alhaji ka ɗora taka a sikeli ka gani.

Amma ragar nama maganarta daban ce, kuma a nan nake so a yi hattara da masu walda.

Maman 'Yan Biyu: Ni dama abin da ya tsaya mini ke nan tun ɗazu. Kuna ta lissafin ƙarfe, amma farin abin da ya manne wa nama fa? Yara sun ci? Alhaji don Allah kada ka sake ɗora komai a kanta. Injiniya, mene ne abin?

Baban Yara: Hajiya ba su ci ba, na yanke na zubar. Ragar kuma tana bayan gida tun ranar.

Injiniya: Hajiya, ba zan yanke hukunci ban riƙe ta a hannu ba, amma abu biyu ne ake shafa wa baƙin ƙarfe ya yi ƙyalli. Na farko shafen kuroma da nikel, wanda ake yi wa ragar nama ta gaskiya. In an yi shi da kyau yana jimrewa, in an yi shi sama-sama sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, kuma ɓarɓashin yana da kaifi. Na biyu tutiya, irin wadda ake shafa wa kwanon rufi da bututun ruwa da ragar kejin kaji. Ita launinta toka-toka ne, wani lokaci da zane kamar na ƙanƙara a jiki, in ta sha wuta kuma tana barin farin gari. Tutiya tana narkewa a digiri 420, in zafi ya ƙaru tana tashi da farin hayaƙi. Masu walda sun san zazzaɓinta: bayan wasu awanni mutum ya ji sanyi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, bayan kwana ɗaya ko biyu ya sake shi.

Abin da nake tsoro shi ne a je wurin mai walda a ce a yi ragar nama, ya waiga ya jawo guntun ragar shinge ko ragar tsohon firji. Ta firji ta fi muni. Wasu roba aka lulluɓe su da ita, wasu tsofaffin kuma an shafe su da kadmiyam, wanda guba ne sosai, an sha samun mutanen da suka kwanta ciwo bayan gashi a kansu.

Ɗan Panteka: Gaskiya ne zazzaɓin nan, ya taɓa kama ni ina yaron shago, da aka ba ni aikin tankin ruwa. Ogana ya ce in sha madara. Amma Injiniya kada ka shafa mana baƙin fenti gaba ɗaya. Mai walda abin da aka kawo masa yake haɗawa. Ka kawo silba, wato farin ƙarfen nan mai jure tsatsa, a yi maka da silba.

Injiniya: Oga ba raini ba ne, ai da ku muke aiki kullum. Madarar dai ba ta maganin komai, iska da nisantar hayaƙin ne kariya. Ita silbar ma kala-kala ce. Akwai lamba 304, mai kuroma kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari, ita ce ta kayan abinci. Akwai 430, ba ta da nikel, maganaɗisu yana kama ta, tana ɗan yin tsatsa amma ba laifi ga gashi. Akwai kuma 201, an rage mata nikel an cike da manganis. Ita ce mai ruɗi, don maganaɗisu ba ya kama ta sosai, sai a sayar da ita da sunan 304, damina ɗaya ta fito da ɗigo-ɗigon tsatsa. Saboda haka gwajin maganaɗisu yana da amfani amma bai isa shaida ba. In ya manne gam, ka san ba 304 ba ce. In bai manne ba, ba ka gama sani ba. Kuma a yi waldar da sandar silba, irin 308. In aka yi da sandar baƙin ƙarfe, ta mahaɗar tsatsa za ta fara.

Mai Tsire: Ranku ya daɗe, ku bar ni in sa baki. Shekara ashirin da wani abu ina gashi, ban taɓa riƙe silba ba. Ragata baƙin ƙarfe ce zalla, babu shafen komai. In an yi sabuwa sai in ƙona ta a wuta ta yi ja, ta huce, in kankare, in shafe ta da man gyaɗa, in mayar kan wuta har man ya ƙone ya yi baƙi. Sau uku nake yi. Daga nan kitsen nama ne ke kula da ita. In na tashi aiki, tana da zafi nake raba albasa biyu in soke da cokali mai yatsu in goge. Ba ta tsatsa don kullum tana aiki. Matsalar masu gida ita ce daga Sallah sai Sallah, a bar raga da gishiri da yaji a jikinta wata goma, ruwa ya doke ta, sannan a ce ƙarfe ba shi da kyau.

Maman 'Yan Biyu: Malam na karɓi ta albasar. Ni burushin waya na daina amfani da shi, tun ranar da na ga silin waya ɗaya a maƙale jikin kaza. Da wani ya haɗiye fa? Amma baƙin ƙarfen nan, tsatsarsa ba ta cutarwa?

Injiniya: Ɗan jan da ke fitowa a sama a kankare a shafa mai, ba abin tashin hankali ba ne, ai kaskon suya na ƙarfe ma haka yake. Wadda ta fara ɓarɓashi tana zubowa ita ce ta gama aiki. Maganar Malam Mai Tsire daidai ce, baƙin ƙarfen da ka san asalinsa ya fi mai ƙyallin da ba ka san abin da aka shafa masa ba. Sai dai a nemi rodi mai santsi, ba mai gurzan nan na gini ba, don maiƙo na maƙalewa a cikin gurzan.

Ɗan Kasuwa: Ni kayan kicin nake sayarwa, kuma ba kare wancan mai shagon zan yi ba. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Na taɓa kawo raga mai kauri, ta shekara a rataye. Kowa ya zo ya ɗaga ta ya yaba, ya ji kuɗi ya ce ba ta ƙasa da haka? Maƙwabcina ya kawo mai arha ta ƙare a sati biyu. Masana'anta abin da ka biya take ƙera maka, in ka ce a rage kuɗi sai a rage kauri. Alhaji da ka ga an haɗa maka kaya uku a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, ai ya kamata ka tsaya ka yi tambaya.

Baban Yara: Alhaji na yarda arha ta ja ni. Amma da bakinsa ya ce mini ragar gawayi ce ta mai 57, kuma silba ce. Yanzu na sa maganaɗisun lasifika, ya manne har sai da na ja da ƙarfi. Da ya ce mini mai arha ce, shekara ɗaya za ta yi, da na san abin da na saya.

Kawu: Ɗana, a nan gaskiya tana wurinka. Sayar da mai arha halal ne, ɓoye aibi ne haramun. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Malamanmu kuma sun karantar da cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba. Amma kada ka fara da faɗa. Ka je da ƙafarka, da kayan a hannu, ka tafi da mutum ɗaya mai natsuwa. In ya ƙi, kowane layi a kasuwa yana da shugaba. Ɗan kasuwa yana jin kunyar a kira shi gaban 'yan uwansa fiye da yadda yake jin tsoron takarda.

Lauya: Kawu ya yi magana. Ta fuskar doka ma, cewa kaya in sun fita ba a dawo da su ba ta kare mai shago in kayan na da aibi ko ba su ne aka kwatanta ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da irin waɗannan kayan. Alhaji ka adana hoton tallar, da saƙon da ya ce silba ce, da shaidar tura kuɗi. Ka ɗauki hoton ragar da tef a kanta, da maganaɗisun a manne. Sau da yawa nuna wa mutum cewa kana da waɗannan ya isa.

Ɗan Kasuwa: Ranka ya daɗe, amma ya yi amfani da kayan har sau uku. Wa zai karɓi ƙonanniyar raga?

Lauya: Alhaji, aibin ai a wuta kaɗai yake bayyana. Raga ce, dole sai an ɗora ta. Kuma batun girman ba ya buƙatar wuta, tef ya isa.

Ɗan Yamai: Sannunku da ƙoƙari. Nan Yamai kasuwar Katako muke zuwa, duk abin da ka kai musu za su yi maka irinsa. Tambayata kan fuka-fukan toka ce, don nawa ma sun mutu kuma ba wanda ya taɓa maganarsu. Su ma mai walda zai iya?

Ɗan Panteka: Nan kam sai a hankali. Fuka-fukan dole su bi lanƙwasar cikin murhun su kwanta lif, don ba shara kawai suke yi ba, su ne ke rufe ƙofofin iska. In suka ɗage ko da kaurin farce ne, iska za ta riƙa shiga, ka rufe komai amma wuta ta ƙi mutuwa, gawayinka ya ƙone a banza. Mai ƙirar falle da ya iya guduma zai iya, in tsofaffin suna nan ya kwafa. Amma na ga an yi an ɓata sau da yawa. Kuma ku hana kowa sa walda a jikin murhun. Tangaran gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, walda na fasa shi, tsatsa ta samu ƙofa.

Mazaunin Shikago: To a nan muka haɗu da Oga. Raga a yi a gida, na janye. Fuka-fukan kuwa a nemi na asali, ba su da nauyi, duk mai tahowa zai sa su a jaka. A duba girman kawai, na mai 47 ba ya shiga mai 57. Kuma abin da ke kashe su toka ce da aka bari ruwa ya jiƙa.

Maman 'Yan Biyu: Wannan kam mu mata mun sani. Ruwan toka ai da shi ake sabulun salo, kuma in ya kwana a tukunyar alminiyam sai ka ga ya ci cikinta. A kwashe toka in ta huce, a ajiye murhu inda ruwa ba ya duka.

Baban Yara: 'Yan uwa na dawo da labari, yau kwana tara. Na bi shawarar Kawu, na je da ƙanin matata. Da farko ya ɗaga murya, sai na fito da tef na auna a gabansa, na nuna masa saƙonsa. Ya yi shiru, ya ce shi ma haka aka turo masa a kwali. Ya mayar mini da kuɗin ragar gawayi da na fuka-fukan. Na ragar nama ya ce sai dai rabi, na karɓa, amma na ce ya sauke tallar da ke cewa silba ce. Jiya na duba ya sauke.

Ragar gawayi an yi mini da rodi mai 8, na ɗora a sikeli kilo uku da gram ɗari bakwai. Tsohuwar da ta lotsa ba ta kai kilo ɗaya ba. Ragar nama baƙin ƙarfe mai santsi na sa aka yi, mai milimita 6, da mariƙi biyu, na yi mata ƙonon man gyaɗa sau uku yadda Malam Mai Tsire ya ce. Daren jiya na gasa kaji biyu, na tara gawayi gefe guda na sa naman ɗaya gefen na rufe, awa ɗaya da kwata suka nuna har ƙashi. Fuka-fukan ne suka rage. Tsofaffin na jiƙa da kananzir suka saki, na mayar da su, amma ɗaya ya cinye ta baki, don haka wuta ba ta mutuwa sai na kwashe garwashin da hannu.

Mazaunin Shikago: Madalla Alhaji. Ƙanena zai taho Kano ƙarshen wata mai zuwa. Kifa murhun ka ɗauko mini hoton ƙasansa, inda sandar ke shiga da inda mazubin toka ke maƙalewa, don samfurin ya sha canzawa kuma ba na so in aiko wanda ba zai shiga ba.

Ɗan Yamai: Yallaɓai in da hali a sa biyu. Nawa mai 47 ne, zan turo nawa hoton da dare.